Hular Fatar Baba

A wani ƙaramin gari a Ohio akwai wata yarinya da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko abinci take ci, ƙafarta na kaɗawa a ƙarƙashin tebur.

Babanta, Walter Dombek, ma'aikaci ne a masana'antar ƙarfe. Ran Lahadi kuwa shi ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon garin, irin ƙwallon da ake runguma a ruga, ƙarti na kayar da juna. Bara an buge shi a ka, ya kwana biyu bai san inda yake ba. Tun daga nan ya yi wa Mama alkawari ba zai ƙara shiga fili ba sai da hular fata. Kansa ƙato ne, sai da baduku ya auna shi ya ɗinka masa tasa.

Wata Asabar suka yi atisaye cikin ruwan sama. Baba ya dawo ya miƙa wa yarinyar hular a jiƙe. Ya ce ta cusa tsohuwar jarida a ciki, in ta jiƙe ta canja wata, har hular ta bushe da kanta.

Ta canja sau ɗaya. Ta leƙa taga, ga ƙawayenta suna tsallen igiya. Ta taɓa hular, ta tashi, ta zauna. Can ta lura Mama ta fitar da burodi, tanda na nan da zafinta. Ta jefa hular ciki, ta fice.

Da ta dawo, hular ta ƙanƙance, ta yi tauri kamar ƙwarya. Ta ɓoye ta can ƙasan jakar Baba.

Washegari a coci ta yi ta mutsu-mutsu, har Mama ta mintsine ta sau biyu. Da rana ta kasa cin dankalinta.

Sai ga Otto, abokin wasan Baba, ya zo su tafi fili. Ya ce, "Dombek, kar ka manta da tukunyar kan nan taka, kar uwargida ta zane ka."

Baba ya yi dariya, ya saɓa jaka. Yarinyar ta bi jakar da kallo. Ta san in sai a fili ya ga hular, a gaban su Otto, da kai tsirara zai shiga.

Ta riƙe igiyar jakar. "Baba, na gasa hular."

Baba ya zaro ta, ya gwada. Ta tsaya masa a tsakar ka, ko kunne ba ta kai ba. Otto ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai rabin 'yan wasa ba sa saka komai, wasa ɗaya ba zai kashe shi ba.

Baba ya dubi Mama. Ita dai tana ta goge farantin da ya riga ya bushe.

"Na yi alkawari," in ji Baba. "Yau a gefe zan tsaya."

Yarinyar ta tsaya kusa da shi a bakin fili, tana cizon farce. Baba ya yi ta kai da kawo. Daga nan ya hango abin da bai taɓa gani daga ciki ba: abokan karawa suna barin hagunsu a buɗe. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya zana wa mutanensa a ƙasa da tsinke. Ta nan suka bi, suka ci wasan.

Baduku ya ɗinka wata hular. Baba ya ƙara buga shekara biyu, daga nan ya zama kociyan garin har ya yi furfura.

Yarinyar kuwa, duk Asabar har ƙarshen kakar wasan ta waccan shekarar, ita ke busar da takalman 'yan wasa goma sha ɗaya, jarida bayan jarida.

Ran nan Baba ya zauna kusa da ita ya ce, "Gaggawa ce ta ɓata hular. Amma da kin ci gaba da ɓoyewa, da kan nawa za ki ɓata. In kin yi kuskure, faɗa da wuri."

Ta gyaɗa kai, ta canja jaridar.