Hannun Hagun Mirkomil

Wani sashe na labarin nan ya zube mini. Shekarar ta tafi, sunan shugaban gidan ma ya tafi, ko da yake har yanzu ina ganin gashin bakinsa. Nakan ce lokacin kankana ne, sai kuma in tuna akwai kwat a cikin labarin, to wataƙila sanyi ya fara shigowa. Abin da ya rage mini shi zan ba ku, yadda Mirkomil ya ba ni a kan shayi.

A Buhara akwai wani gida da ake ɗaukar hotunan tsofaffin littattafan hannu. Na daɗe ina zuwa karatu can, har masu shara suka daina yi mini kallon baƙo. Iyalai kan kawo littafin kakanninsu, a ɗauki hoton kowane shafi, su koma da abinsu. Hotunan duk suna cikin kwamfuta guda a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda a da can ɗakin kwanan ɗalibai ne. Mirkomil ke kula da ita. Shi ya haɗa ta da hannunsa tun gashinsa na baƙi, da kukanta kawai yakan gane lafiyarta.

Shi ne kuma ya kawo Ilhom aiki, ɗan ƙanwar mahaifiyarsa. Shi ya koya masa komai. Ba a jima ba sai aka wayi gari kowa Ilhom yake nema.

Ranar da aka dafa osh, wato dafa-dukan shinkafa da nama, a tsakar gidan, shugaba ya kama hannun Ilhom ya zaunar da shi can ciki, nesa da ƙofa, inda manya ke zama. Mirkomil kuwa a bakin ƙofa ya sami wuri, kusa da takalma. Nan aka sanar cewa Ilhom za a tura Koriya ƙarin ilmi, kuma kafin ya tafi shi zai sabunta babbar manhajar kwamfutar ɗakin ƙasa.

Direban gidan ya zunguri Mirkomil, ya kira shi aka, yadda suke kiran yaya a can. "Aka, ka yi renon tsuntsu ya tashi ya bar ka da keji!"

Aka yi dariya. Mirkomil ma ya yi, amma ya tsame hannunsa daga shinkafar.

Da aka watse Ilhom ya biyo shi. "Aka, wallahi ban nema ba."

"Na ce ka nema? Je ka ƙara loma, uka, ƙanena. A Koriya ba mai ba ka kitsen wutsiyar rago."

A nan sai in yi muku bayani kaɗan, yadda aka yi mini, ni da ban san komai ba sai takarda da tawada. A cikin kwamfuta akwai wasu ƙunshin umarni da kowace manhaja ke jingina da su, masu aikin suna ce musu laburare. A waccan kwamfutar babban laburaren kashi biyu ne, ɗaya na sababbin manhajoji, ɗaya na tsohuwar manhajar da ke buɗe hotunan littattafai. Mirkomil yana kiransu tagwaye. Dole lambarsu ta zama ɗaya. In za a ɗaga su, tare ake ɗaga su. In aka ɗaga ɗaya aka bar ɗaya, komai sai ya cije.

Mirkomil ya san cewa a wannan makon rumbun da suke ɗauko sababbin ƙunshi ya kawo sabon ɗaya daga cikin tagwayen, na ɗan'uwansa bai iso ba. Ya kuma san kalmar sirrin Ilhom, don shi ya ba shi ita.

Washegari da yamma, mutane sun tashi, ya ce ya manta hularsa a ƙasa. Zebo-hola, wato inna Zebo, mai shara, tana ɗaure tsintsiyarta a bakin matakala.

"Yanzu za ka sauka, rana na faɗuwa? To ka dai yi musu sallama."

"Hola, ba kowa can sai ɓera."

"Ka yi wa ɓeran."

Bai yi ba. Zuciyarsa na wani wuri.

Matakalar ta bulo ce, tsaye cak, ƙafafun ɗalibai sun cinye tsakiyarta. Ɗakin yana warin danshi da ƙurar da ta sha zafi. Fankar kwamfutar tana ta gunjinta. Daga sama ana jin kurciyoyi suna neman makwanci.

Ya shiga da sunan Ilhom. Ya ba da umarnin sabuntawa. Kwamfutar ta yi masa gargaɗi: ɗaya zai koma talatin da shida, ɗaya zai tsaya a talatin da biyar, ba za su zauna tare ba. Ya tuna takalman nan da ya ci abinci kusa da su. Ya tilasta mata.

Rubutu ya yi ta gudu a allo, sannan ya tsaya.

Ya gwada buɗe hoto ɗaya. Ya ƙi. Ya gwada wani umarni. Ya ƙi. Ya san in aka kashe ta a haka ba za ta sake tashi ba, kuma gobe sunan Ilhom za a gani. Ya yi murmushi. Ya kai hannu zai rufe tagar ƙarshe da ke buɗe a allon, sai sabon da ya yi ya hana shi, don a aikinsu ba a rufe tagar ƙarshe a kan kwamfutar da ta karye.

Sai ya lura kurciyoyin sun yi shiru.

Kukan fankar ya rabu biyu. Ɗaya na gaba, ɗaya na binsa a baya kaɗan.

Wani wari ya taso, warin tsohon ulu da maganin asu. Ya san warin nan. Na kwat ɗinsa ne ruwan ƙasa, wanda ya sa shekarar da ya haɗa kwamfutar, wanda ya daɗe da yagewa aka zubar.

A bayansa, daga hagu, wani ya ja numfashi.

Bai juya ba. A baƙin gefen allon ya gan shi. Mutum ne tsaye sanye da kwat ɗin. Gashinsa baƙi ƙirin. Da ya buɗe baki, haƙorin da aka cire wa Mirkomil tun tuni yana nan a wurinsa.

Fuskarsa ce.

"Ka ɗaga shi," in ji abin, cikin raɗa. "Ka bar ni."

Muryarsa ce, irin yadda mutum ke jin muryarsa in an naɗa, ya ƙi ta.

Mirkomil ya nemi addu'a a bakinsa, harshen ya yi nauyi.

Abin ya ce, "Ba ma zama a haka. A daidaita."

"Na... na ɗan'uwan bai iso ba."

"To sauko da shi." Numfashin ya taɓa masa kunne, sanyi kamar na rijiya. "Tsohon yana nan a ajiye. Layi ɗaya ne. Ba abin da kake so ke nan ba?"

Gaskiya ne, layi ɗaya ne. A mayar da wanda aka ɗaga zuwa talatin da biyar, su koma daidai.

Sai ƙofar sama ta yi ƙara.

"Aka? Kana ƙasa? Hola ta ce ka sauko. Na kawo samsa, da zafinta!"

Ilhom ne. Ƙamshin burodin nan mai albasa da nama a ciki ya gangaro. Takalminsa ya taɓa matakala ta farko.

Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannun Mirkomil na hagu. Hannun ya tashi da kansa, ya sauka a kan madannai.

Harafi ɗaya.

A sama, ƙafar Ilhom ta zame. "Kai! Wa ya zuba ruwa a nan?"

Ba ruwa a matakalar. Mirkomil ya bi ta ɗazu.

Harafi na biyu. Wani gutsuren bulo ya gangaro, ya faɗo ƙasa, ya tarwatse.

Sai ya gane Ilhom ne ake cewa a sauko da shi.

Abin da ya fi ba shi tsoro, in ji shi, ba fuskar ba ce. Wani wuri a cikin ƙirjinsa ne da ya ji daɗi. Ɗan ƙaramin wuri, mai ɗumi, yana cewa bari hannun ya ƙarasa.

Hannun na ta rubutu. Layin ya kusa cika.

Ya damƙe shi da hannun dama. Kamar ya kama kifi mai rai.

"Ilhom! Tsaya nan! Zauna a inda kake!"

"Lafiya, aka?"

"Na ce zauna, ɗan banza, kar ka motsa!"

Ya ji ya zauna. Yatsun sanyin suka ƙara matsawa har ƙashi ya yi ƙara.

"Kar ka roƙe shi," in ji raɗar. "Kai ka koya masa."

Maganar ta ƙi fita. Ta fi kowace magana nauyi a duk rayuwarsa.

"Uka, na ɓata ta. Na raba tagwayen, da sunanka. Kana da... kana da na ɗayan?"

Fanka biyu suna ta tsere.

"Yana filashata. Jiya na samo shi daga wani rumbun, har da 'yar manhajar nan mai cin gashin kanta, ko da abu zai cije. Ai ba zan taɓa ta ba sai kana zaune. Taka ce."

"Jefo."

"In sauko mana in..."

"Jefo!"

Filashar, 'yar ma'ajiyar nan mai girman yatsa, ta faɗo, ta yi tsalle a bulo, ta tsaya kusa da takalmin abin. Tsohon takalminsa ne, mai faci a baki.

Ya saki hannun hagu. Ba yadda zai yi.

Hannun ya koma madannai. Mirkomil ya duƙa, ya miƙa dama tsakanin ƙafafun nan biyu. Ba ɗumi a jikinsu ko kaɗan. Ya fizgo filashar, ya soka ta.

Saura danna ɗaya layin ya tafi.

Ya danne hannun hagun da gwiwar hannunsa, ya kwanta a kansa da ƙirji. Da yatsa ɗaya ya share layin. Da yatsa ɗaya ya rubuta sabo.

Ya danna.

Talatin da shida. Talatin da shida.

Kukan fankar ya haɗe.

A gefen allon ya ga gashin abin yana yin furfura. Haƙorin ya ɓace. Kwat ɗin ya koɗe, ya zube kamar toka. Ya zama shi sak, na yau, har da tabon man osh a gaban riga.

"Yanzu mun yi daidai," in ji shi.

Ya matso, ya zauna a kujerar da Mirkomil ke zaune.

Ilhom ya ce ƙara ɗaya ya ji. Da ya lallaɓo ƙasa ya tarar da yayansa a kwance, jikinsa ɓarin hagu sanyi ƙalau, ɓarin dama yana zufa. A bayansa ya hauro da shi. Zebo-hola ta ƙona ganyen isirik ta zagaya kansa da hayaƙin, tana faɗa tana kuka. Hotunan littattafan kuwa ko ɗaya bai ɓata ba.

Ilhom ya tafi Koriyarsa ya dawo, bai taɓa gaya wa shugaba komai ba. Ina jin ya kawo wa Mirkomil agogo, ko laima ce, wannan ya kuɓuce mini. Mirkomil ya ci gaba da aikinsa. Yanzu yana sallama kafin ya sauka, kuma ba ya sabunta komai sai su biyu suna zaune. Ya ce mini abin bai tafi ba, ya dai sami wurin zama, kuma yabon Ilhom ne ke tayar da shi.

Ban yarda ba da farko. Tsufa ya koya mini cewa mutane kan ƙara wa labarinsu gishiri, ni ma nakan ƙara ban sani ba. Saboda haka wata rana muna shan shayi a ƙarƙashin bishiyar tut, na ce masa, kamar da wasa, ban taɓa ganin mai basira irin Ilhom ba a duk garin nan.

"Haka ne, domla," in ji shi, don haka suke kiran malami. "Allah Ya ƙara masa." Kuma har zuciyarsa ya faɗa, na ga haka a idonsa.

Amma hannunsa na hagu, da ke kwance kusa da burodi, ya fara motsi. Yatsun suna danna tabarmar teburin ɗaya bayan ɗaya, kamar masu rubuta layi. Bai ko dube shi ba. Ya ɗauke shi da hannun dama, ya sa a ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai, sannan ya ƙara mini shayi.

Wannan kam da idona na gani, kuma bai zube mini ba.