Gonar 'Yar Fari

"Wace ce matar nan da kake ta kaiwa gonarmu?"

Binwag ya yi dariyar nan tasa mai kashe min jiki.

"Haba Dulimay, hasken idona! Baƙuwa ce daga Manila, hoto take ɗauka."

Hoto? Ni ke zaune a rumfar bakin ƙauye ina yankar wa baƙi tikiti, shi kuma yana yi musu jagora cikin gonakin shinkafarmu masu hawa-hawa. Na san masu hoto sarai. Ba sa auna gona da igiya kamar yadda matar nan take yi.

Da na kai wa Apu, kakata, labari, ta tofar da jan yawun moma, irin goron da muke taunawa.

"Ke ce 'yar fari, ranar aurenki gonar nan za ta zama taki. Yaron nan ba fuskarki yake kallo ba, gonar da ke bayanki yake hange."

Na yi kuka, na ce ta tsane shi ne don gidansu ba su da gona. Amma maganar ta tsaya min a rai.

Washegari na tare shi a kan matakalar dutse.

"Binwag... na bar wa ƙanwata Intugay gonar. Ni kai kaɗai ka ishe ni."

Ƙarya na shirga masa.

"Duka?"

"Duka."

Ya riƙo hannuna.

"Ba komai, zumata."

Wallahi ina sonsa. Na yi ta addu'ar Apu ta ji kunya.

Ba a rufa mako ba Intugay ta faɗo rumfata, ta dangwarar da sabuwar sarƙar da Binwag ya ba ta a gabana.

"Yaya, mutuminki ya zautu! Wai ni yake so tun asali! Wai in mun yi aure za a gina masaukin baƙi a gonata, in huta da shiga taɓo. Ni wace gona gare ni?"



Da hantsi ya iso da baƙinsa, yana ta washe haƙora. Suka biya. Ya sa ƙafa zai wuce kamar kowane ɗan gida.

Na yanko tikiti na miƙa masa.

"Peso hamsin."

"Ni? Dulimay, yaushe na zama baƙo?"

Hawaye na zuba, amma ban janye tikitin ba.

"Biya ka shiga ka kalli gonar, Binwag. Kallo kaɗai muke sayarwa a nan."