Ƙishirwar Gimbiya

A hanyar Gidan Katta Abdulbaqi ya fara ganin Shafa'atu, rana tsaka, tana tsaye gaban wata farar mota mai tururi, da butar alwala a hannunta. Har ta miƙa hannu za ta buɗe murfin lagireto. Bai san lokacin da ya taka birki ya leƙo ta taga ba.

"Kar ki taɓa! Wallahi tafasasshen ruwa zai watso miki a fuska!"

Ta janye hannu, ta juyo ta dube shi. To, shi ke nan fa. Malamin Islamiyya guda, wanda gyaran muryarsa kawai ke sa yara su nutsu, sai ga shi ya fito yana tuntuɓe da ƙafar wandonsa. Ya buɗe bayan motarsa ya ciro jarkar ruwa.

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Kai ma da jarka kake yawo?"

"Irin motarmu ɗaya, dubi da kyau. Tawa ma ba ta ƙoshi da ruwa."

Mahaifinta, Alhaji Arzika mai hatsi, ya taso daga gindin bishiyar da ya yi salla yana kaɗe darduma.

"Mi ya faru? Ba abin da ya same ta, yaro. Gimbiya ƙishirwa kawai take ji. Wa ba ya jin ƙishirwa a ƙasar ga?"

Duk Illela an san Gimbiya. Alhaji ya tsufa a kan babur kafin Allah ya hore masa ita, daga Kwatano aka kawo ta ta Ƙwanni. Da kansa yake wanke ta, ba ya ba kowa tuƙi, kuma babu amaryar unguwarsu da ba ita ta kai ta ɗaki ba. Wani maƙwabci ya taɓa cewa fentinta ya fara koɗewa, har yau gaisuwarsu daga nesa ce.

Abdulbaqi ya tura kawunsa, aka ba shi izinin zuwa zance. Soyayya ta kankama kamar an daɗe ana jiran ta.

"Mai Buta, kin ci abinci? Ni dai tun ranar nan zafina bai sauka ba."

"Mai Jarka, ka faka a inuwa ka sha ruwa. Malam guda da irin wannan zance, ɗalibanka sun sani?"

Ana cikin haka sai labari ya shigo zauren WhatsApp na masu irin motar. Kamfanin da ya ƙera ta ya ce famfon da ke zagaya ruwa cikin injin yana da matsala, yana iya tsayawa a kan hanya har injin ya kama wuta. Kowa ya kai tasa garejin wakilinsu a Sakkwato a canza kyauta. Abdulbaqi ya kai tasa, aka gyara, ya dawo ko ɗigon ruwa bai ƙara mata ba. Amma hankalinsa bai kwanta ba, domin Shafa'atu kullum tana cikin Gimbiya.

"Don Allah kar ka faɗa wa Baba da bakinka," in ji ta da ya zo zance. "Bari in lallaɓa Inna ta gaya masa."

"In kuma wani abu ya faru kafin nan fa? Ke fa kike zama a kujerar gaba."

Ai kuwa bai jira ba. Kuma da zai yi, sai ya yi kuskuren da ko ɗan yaye ba zai yi ba: ya tarar da Alhaji a majalisarsa bayan la'asar, cikin tsofaffin abokansa, ya durƙusa ya zayyano komai. Mai neman aure, a gaban jama'a, yana cewa motar surukinsa na da ciwo!

Jabir dillalin motoci yana wurin. Shi ya sayar wa Alhaji motar, kuma ya daɗe yana zawarcin ƙofar gidan saboda Shafa'atu. Ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Alhaji, wa ya taɓa jin gyara kyauta? Tarko ne. Ka kai ta, su kwance kayan asali su sa maka jabu, ko a ce takardunta ba su cika ba a riƙe ta. Motar ga lafiya lau na ba ka ita."

Alhaji ya dubi Abdulbaqi sama da ƙasa. "Ɗiyata ka zo nema ko gyaran mota? Tashi. Kar in ƙara ganin ka kusa da gidana, kar in gan ka kusa da motata."

Shafa'atu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Haushinsa take ji, kewarsa kuma ta fi haushin yawa. Ta tura masa saƙo a waya.

"Ban ce ka bari ba? Ga shi ka jawo mana."

"Na yi kuskuren wuri, Mai Buta, ki yafe mini. Amma gara a hana ni ke kina lafiya da a ba ni labarin da ba zan iya ji ba."

Ta yi ta karanta saƙon nasa har wayar ta yi zafi.

Abdulbaqi ya bi umarnin Alhaji, bai ƙara zuwa kusa ba. Sai dai ba a hana shi hanyar gwamnati ba. Duk ranar da Gimbiya za ta fita gari, Shafa'atu ta sanar da shi, shi kuma ya biyo su can nesa, da jarka da tukunyar kashe gobara. In sun tsaya ya tsaya, in sun tashi ya tashi. 'Yan canji a bakin iyaka suka samu abin tsokana: "Alhaji, yau ina ɗan rakiyar naka?" Alhaji ya yi ta tsaki, ya karkatar da madubi don kar ya gan shi.

Ranar sunan jaririn yayar Shafa'atu suka kama hanyar Sakkwato, Inna Jamilatu a baya da kwanukan cincin. Sun wuce Gwadabawa Shafa'atu ta ji wani ƙauri. Ta dubi gaban sitiyari, inda Alhaji ya daɗe da manna sitikar Masha Allah a kan allurar zafi, wai ganinta na ɗaga masa hankali. Ta yi bismilla, ta sa farce ta ɓare ta. Allura ta kai ƙarshe, jar wuta na ƙiftawa.

"Baba, ka dubi Allah ka tsaya. Tsoro nake ji."

Alhaji bai taɓa jin wannan kalma daga bakin autarsa ba. Ya gangara gefe ya kashe mota. Suna fitowa hayaƙi ya turnuƙe daga gaba, ba irin tururin da suka saba gani ba. Inna ta saki kwano tana salati.

Can baya, Abdulbaqi ya fito a guje da tukunyar kashe gobara, ya feshe injin har hayaƙin ya mutu. Da ya tabbatar kowa lafiya, sai ya koma da baya, ya je can gefen motarsa ya tsaya, ya sunkuyar da kai. An ce kar ya zo kusa.

Alhaji ya daɗe yana kallon Gimbiya, ya kalli 'yarsa, ya kalli Inna da ke tsince cincin a ƙasa tana harararsa. Sannan ya ɗaga hannu.

"Kai! Sai na aiko maka da goron gayyata? Zo ka kai mu!"

Har suka shiga Sakkwato idon Alhaji na kan allurar motar Abdulbaqi. Ko motsi ba ta yi ba.

"Mi sunka yi mata?" ya tambaya a ƙarshe, can ƙasa-ƙasa.

"Famfon ruwa kawai suka canza, Baba."

"Hmm. Gobe ka sa a jawo Gimbiya. Kai za ka tsaya a kanta har a gama." Ya gyara hula. "Kuma ka ce wa kawunka ina neman shi."

A kujerar baya Inna ta mintsini Shafa'atu, ita kuma ta cusa fuska cikin mayafi. Jabir kuwa, tun da masu motocin da ya sayar suka fara layi a Sakkwato, sai ya ƙaurace wa majalisa.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da magariba aka fito da amarya tana kuka, ga Gimbiya an wanke ta tana sheƙi, injinta na aiki shiru kamar ba ita ba. Alhaji ya dafa kan 'yarsa, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya sa gidanta ya zama mai sanyi. Sannan, abin da Illela ba ta taɓa gani ba, ya miƙa wa babban abokin ango makulli.

Mata na guɗa, mota ta tashi. Sai wata gwaggo ta hango wata farar mota ta fito daga lungu ta bi bayansu a hankali, nesa kaɗan.

"La ilaha illallahu! Ango ne! Ina aka taɓa yin haka? Maza a ce ya koma gida ya jira!"

Alhaji ya share ido da bakin rawaninsa, yana murmushi.

"Ku ƙyale shi. Wanda ya bi bayanta ranar da na kore shi, ba yau da na ba shi ita zai daina ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Duk ƙofar gidan ta amsa da amin.