Zinariya Ba Ta San Hannun Kowa Ba

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗago kai na fasa shi!"

Muryar Gaji ce, shugaban gungun. Rana tsaka, a kan titin da ya fito daga Aujara. Sun sha gaban wata akori-kura da ƙaramar motarsu. Alhaji Idirisu, dillalin riɗi, ya kife a gefen kwalta yana salati, hularsa ta gangara cikin ciyawa. Direbansa Sale na kusa da shi, hannuwa a ƙeya.

"Jakar! Ina jakar?" in ji Fahad, yaron Gaji na hannun dama, yana zungurin Alhaji da bakin bindiga.

"Tana ƙarƙashin kujera. Don Allah ku ɗauka, ku bar mu da ranmu."

Mutum na uku bai fito ba. Tasi'u yana kan sitiyari, rawani ya rufe masa fuska, inji na aiki. Kuma ko ku yarda ko kar ku yarda, ba fashin yake kallo ba. Allurar zafin inji yake kallo. Ta zauna daram a tsakiya, sai ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Haka Tasi'u yake.

Bakanike ne a wani gareji da ke bayan gari a Dutse. Shekara uku da suka wuce ya sayi motar, lokacin ba ta da maraba da gwangwani, don tirela ce ta murƙushe mata gaba. Fentinta ruwan gwal ne da ya koɗe, shi ya sa ya raɗa mata Zinariya. Ya sauke injin ya wanke shi ƙusa-ƙusa. Ya sa mata lagireto babba mai fanka biyu. Ya cire shok ɗinta masu laushi ya ɗaura masu tauri, ya rage mata tsayi kaɗan don kar ta riƙa rangaji a kwana. Ya canja fulogi da nozul, ya sa birki na babbar mota, ya nemo faffaɗan tayoyi. Salansar motar kuwa, bututun hayaƙin nan, da hannunsa ya yanka ya haɗa, har ta sami wani gurnani mai kauri da babu irinsa a garin.

Abu na ƙarshe da ya yi mata shi ne sikiriti. In aka buɗe ƙofar direba inji na aiki, minti uku ne famfon mai ya ɗauke, sai fa in an danna wani ɗan madanni da ya ɓoye a ƙasan kujera. Bai taɓa gaya wa kowa ba. To wa zai gaya wa?

Mahaifiyarsa ta rasu tun yana koyon aiki, kuma ita kaɗai gare shi. Ba mata, ba aboki. A gareji in an zauna cin abinci, shi can yake raɓewa da kwanonsa, ana yi masa tsiya.

"Angon Zinariya! Yaushe za a yi suna?"

Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ranar Babbar Sallah ma a cikin motar ya ci taliyarsa, gilashi a rufe, yana jin hayaniyar gidajen mutane.

Ana haka Gaji ya zo gyaran birki. Ya ji an tayar da Zinariya, ya tsaya cak.

"Baaba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne."

"Buɗe min bonet."

Awa guda yana tambaya, Tasi'u na bayani har bakinsa na kumfa. Babu wanda ya taɓa saurarensa haka. Washegari Gaji ya dawo shi da Fahad da balangu, ya baje takardar a kan but ɗin motar, ya ce, "Sa hannu mana, ai kai namu ne." Ni dai a ganina ba alkawarin kaso ne ya sayi Tasi'u ba. Wannan takardar balangun ce, da hannu uku a cikinta. Abin haushi, abin tausayi.

Sharaɗi biyu kawai ya kafa da aka zo maganar harkar fashi: ba za a zubar da jini ba, kuma ba mai tuƙa motar sai shi.

"Zinariya ba ta san hannun kowa ba, Oga."

Gaji ya yi dariya. "An gama, maza."

Yanzu ga shi a titin Aujara. Fahad ya fito da jakar yana murna. Saura su shiga mota kawai. Sai Sale direba ya ɗan karkata kunne. Wata biyu da suka wuce ya kai akori-kurar nan garejin su Tasi'u. An cire lamba, an shafa wa motar laka, amma wa zai shafa wa sauti laka?

"Alhaji," ya ce cikin raɗa, raɗar da ba ta ɓoyu ba, "wannan ai kukan motar Tasi'u bakanike ne..."

Tau!

Fahad ne. Sale ya yi shure-shure biyu ya lafa.

"Ka kashe shi!" Tasi'u ya ƙwalla ƙara. "Oga, ka ce ba jini!"

"Ja mota, ɗan iska! Kwalawa!"

Can nesa jiniyar 'yan sanda ta taso. Wani mai babur ne ya juya ya kai labari shingen 'yan sanda. Gaji da Fahad suka faɗa ciki. Tasi'u ya saki kuloci — taya ta yi ƙara, Zinariya ta zabura!

Giya ta biyu. Ta uku. Ta huɗu! Gonakin dawa suka koma kore guda a gefen ido.

A motar sintiri, Sufeto Saifuddeen ya dafe gaban mota.

"Taka, Kofur! Ƙaramar mota ce, ina za ta je?"

"Yallaɓai, ƙafata a ƙasa take wallahi!"

Gaba akwai wata muguwar kwana da ta sha cin motoci. Sufeto ya gyara zama. "Dole ya rage a can. A nan za mu same su."

Tasi'u bai rage ba sai a bakinta. Birki sau ɗaya — giya ta uku — ya karya sitiyari. Motar ta manne da kwalta kamar an shafa mata ƙaro, ta fita ta ɗaya gefen ko gezau. Motar sintiri kuwa sai da ta sauka gefen titi, ta kwashi ƙasa, da ƙyar Kofur ya dawo da ita.

Sufeto ya share gumi. "Wannan ba hannun kamfani ba ne. Wani ya zauna a kanta. Ci gaba, titin ɗaya ne."

A cikin Zinariya Fahad na dukan rufi yana ihu.

"Mun sha! Wallahi mun sha! Sai Buji!"

Tasi'u ya ƙanƙame sitiyari. Hawaye ne ke jiƙa rawaninsa. Sale mutumin kirki ne, ranar da ya zo gyara har ruwan sanyi ya saya masa. Gaji kuwa yana kujerar gaba, yana kallon titi, yana taɓa gemu. Shi lissafinsa daban. Alhaji yana da rai, kuma Alhaji ya ji suna.

"Tsaya gindin tsamiyar can," in ji shi.

"Oga, ba su yi nisa ba fa."

"Na ce ka tsaya."

Ya tsaya.

"Fita ka duba tayar baya. Ina jin kamar ta yi ƙasa."

Da wani abu daban ya ce, da Tasi'u ya yi musu. Amma tayar Zinariya? Ya buɗe ƙofa ya fita da gudu, ya durƙusa ya latsa ta. Lafiyarta ƙalau. Da ya ɗago, Fahad ya riga ya tsallaka kan sitiyari, Gaji kuma ya leƙo da bindiga ta taga.

"Ka yi haƙuri, baaba. An san ka. In aka kama ka, mari biyu za ka ba da mu."

"Oga... ni ne fa. Ka ce ni naku ne."

"Motar ce tamu."

Ku ji wauta irin ta mai kaɗaici. A wannan lokacin, da bakin bindiga a kansa, abin da ya faɗo wa Tasi'u shi ne ƙofar da ya buɗe. Minti uku. Ya ɗaga hannu, har ga Allah gaya musu zai yi.

"Oga, tsaya, akwai wani ɗan mada—"

Tau!

Harsashin ya shige shi a ciki. Ya zauna daɓas, ya jingina da tsamiya. Zinariya ta tafi ta bar shi, Fahad na gurza mata giya ba tausayi.

"A hankali," in ji Tasi'u, shi kaɗai. "Ba ta son haka."

Yana jin gurnaninta yana nisa. Motar sintiri ta wuce fuuu, ba su ko gan shi ba. Ya rufe ido yana saurare. Ya san sautin nan fiye da muryar kowane ɗan Adam. Ga ta a giya ta biyar. Ga ta ta yi tari ɗaya. Ta sake. Shiru.

A kan miƙaƙƙen titi, ba gida ba daji, sai gonakin gyaɗa da ba sa ɓoye ko akuya, motar ta mutu.

"Me ka yi mata?" Gaji ya daka tsawa.

"Ban yi komai ba! Akwai mai, ga shi rabin tanki!"

"Murɗa!"

Ya murɗa makulli. Ta yi ƙiƙiƙi. Ya sake. Ƙiƙiƙi. Madannin na nan ƙasan cinyarsa, tazarar tafin hannu.

Motar sintiri ta iso, Sufeto ya daka tsawa: "Ku fito hannu sama!"

Fahad ya fito yana harbi. Bai yi taku uku ba aka zubar da shi. Gaji ya ɓuya bayan mota yana harbi, harsasai na huda ƙofa, gilashi na tarwatsewa, lagireto ya fashe yana feshin ruwan zafi. Da harsashinsa ya ƙare, ya jefar da bindigar ya kwanta yana kiran, "Yallaɓai, na tuba!"

Wani makiyayi ne ya tsayar da 'yan sandan a hanyar dawowa, ya nuna musu gindin tsamiya. Sufeto Saifuddeen ya durƙusa ya janye rawanin. Ya duba raunin, ya san ba za a kai asibitin Dutse da shi ba.

"Kai ne ka haɗa motar?"

Tasi'u ya gyaɗa kai.

"Me ya kashe ta?"

"Ba hannuna ba ne a kanta." Ya ja numfashi. "Sun... sun taɓa injin?"

"Ban duba ba, gilashi dai ya tarwatse. Bar wannan. Faɗi kalmar shahada."

Ya faɗa, a hankali.

"Wa za mu sanar? Mata? 'Yan uwa? Ko aboki?"

Tasi'u ya daɗe yana kallon ganyen tsamiya. Sufeto ya zaci tunanin lamba yake. Can leɓensa ya motsa, Sufeto ya kai kunne.

"An fasa mata gilashi... damina ba ta ƙare ba. A rufa mata tamfol, Yallaɓai."

Da wannan maganar ya cika.

Sale ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Alhaji Idirisu ya sami jakarsa, amma har yau in mota ta yi gurnani a bayansa sai ya waiwaya a firgice. Fahad iyayensa suka zo suka karɓi gawa da kai a sunkuye. Gaji yana gidan yari, kuma duk sati sai an kawo masa abinci daga gida.

Tasi'u kwana uku ya yi a ɗakin ajiyar gawa ba wanda ya leƙo. A rana ta huɗu aka yi masa sallah: liman, da ma'aikatan asibiti biyu, da Sufeto Saifuddeen. Daga maƙabarta Sufeto ya biya kasuwa ya sayi tamfol da kuɗin aljihunsa. Ya shiga bayan ofis inda aka jibge motar, ya rufa mata, ya danne gefe-gefen da duwatsu. Kofur ya tambaye shi ta waye da ake mata wannan gata.

"Iyalin wani ce," in ji shi, ya kakkaɓe hannunsa ya koma ciki.