Ba Wanda Ya Kira Wan-ju

Rana na shirin faɗuwa Yaya Kuo, maigidan masu ɗaukar sautin fim, ya aiki Pei-shan ta koma tsohon gidan da ke kan tudu. An gama aikin ranar, an sauko da kaya bakin titi, sai ya tuna ba a ɗauki shirun ɗakin ba. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma masu haɗa fim ba sa karɓar aiki sai da shi. Aikin Pei-shan ne, mai riƙe makirfo, ta shiga, ta kunna na'ura, ta kame bakinta.

"Ina jin ki ta lasifikar mota," ya ce yana tofar da jan yawun binlang, goron ƙasarsu. "Ko tari ban yarda ba."

Ta kama matakalar nan mai santsi ta garin Keelung, yayyafi na jiƙa mata wuya. Watan bakwai ne, watan da matattu ke yawo, kowace ƙofa da teburin abincin matattu, takardun da aka ƙona musu suna ta hayaƙi. Amma ba su suka dame ta ba. Kunya ce.

Wan-ju ita ke tsaya wa tauraruwar fim ɗin duk inda aiki ya zama na wahala, ranar kuwa gawa ta yi. Aka shafe ta da farar hoda, aka lulluɓe ta a kan gadon katako. Wanda ya yi gawa jan ambulan na kuɗi ake ba shi, kuma a rukuninsu ba ya tashi sai wani nasa ya kira cikakken sunansa ya kama hannunsa, don kada wani abu nasa ya zauna a wurin. Da aka gama, darakta ya tambayi waye nata. Mai fitilu, wanda magana ba ta kwana a bakinsa, ya ce ai ga Pei-shan nan, mai ajiye mata cinyar kazar akwatin abincinta, babur ɗaya safe da yamma. Aka kwashe da dariya. Ba ma dariyar mugunta ba ce. Sai dai Yaya Kuo ɗan ƙauyen su Pei-shan ne, abin da ya ji da safe mahaifiyarta kan ji shi kafin ta kwanta.

"Ni me ya haɗa ni da ita?" in ji Pei-shan. "Hanya ce kawai."

Wan-ju ta yaye zanen da kanta, ta karɓi ambulan, ba ta dubi kowa ba. Tun daga nan take zaune a bayan motar kaya, hannuwa sanyi ƙalau, ana yi mata magana ba ta amsawa. Mutane suka ce gajiya ce. Pei-shan ta ce wa kanta fushi ne, za ta lallashe ta a gida inda babu ido. Ta saba da haka ai: in an rufe ƙofa ita ce gwanar soyayya, in an fito ko ƙawa Wan-ju ba ta kai ba.

Ɗakin na warin ruɓaɓɓen katako da turaren tsinken da ya mutu. Gadon na nan, zanen a shimfiɗe. Ta sa abin saurare a kunne, ta ɗaga sandar makirfo, ta kunna.

Ruwa na ɗiga daga rufi. Can nesa jirgin ruwa ya yi kuka.

Sai numfashi.

Ta riƙe nata. Wancan bai tsaya ba. Ta karkata sandar wajen gado, ya ƙara fitowa. Ta san shi, har da 'yar sarƙewar hancin nan da ke tashinta daga barci duk lokacin sanyi.

Zanen da ta gani a shimfiɗe yanzu ya yi tudu. Ga kai, ga ƙirji, ga yatsun ƙafa.

"Har yanzu ba a ce in tashi ba?" Muryar Wan-ju ce, raɗa, a cikin kunnenta. "Na gaji da kwanciya. Akwai sanyi."

Ƙarƙashin gadon wani abu ya motsa, jiƙaƙƙe, kamar ana jan tsumma a kan siminti. Warin taɓon teku ya cika ɗakin. Muryoyi suka taso, tsofaffi, busassu, irin na waɗanda ba wanda ya ajiye musu tebur a ƙofa.

"Ba mai ita," suka ce wa juna. "An faɗa a gaban kowa."

Ɗaya daga ciki ta maimaita da muryar Pei-shan sak, har da 'yar dariyar da ta biyo baya: "Ni me ya haɗa ni da ita?"

Gefen zanen ya miƙe. Ana jansa ƙasa. Tudun ya fara nutsewa cikin katako.

Ta san abin da ya kamata ta yi. Ta kuma san akwai lasifika a ƙasa, da mutane kewaye da ita suna shan shayi. To ko a wannan hali, sai da yatsanta ya nemi maɓalli. Ta kashe na'urar.

Ɗaki ya koma ɗaki. Zane a shimfiɗe, ba kowa.

Ta raɗa sunan. Ta sake. Ta laluba gadon, katako ne kawai mai sanyi.

Ta kunna.

Ƙafafun sun riga sun tafi. Saura ƙirji da kai.

"Pei-shan," in ji muryar, daga nesa yanzu. "Ina kika je?"

"Liao Wan-ju," ta kira cikakken sunan.

Jan ya tsaya.

"Wa ke kira?" muryoyin suka tambaya. Numfashinsu na kan ƙeyarta. "Ke wace ce a wurinta?"

"Ni ce tata." Ta ɗaga murya har makirfo ya yi ƙara. "Budurwata ce. Ita nake so, da ita nake kwana nake tashi. Ƙarya na yi ɗazu. Liao Wan-ju, tashi mu tafi gida!"

Ta cusa hannu ƙarƙashin zanen. Yatsu masu sanyi suka damƙe nata.

Ta ja.

Wani hannun ya kama ɗaya wuyan hannunta, jiƙaƙƙe, ba nama a jikinsa. Ta saki sandar ta fizge. Abin saurare ya tsinke daga kunnenta.

Ta fita a guje. Idonta bai ga kowa a gefenta ba, amma hannunta na ɗauke da nauyin mutum. Ana kiranta daga baya da muryar mahaifiyarta. Ba ta waiwaya ba. Ta zame, gwiwa ta fashe, ba ta buɗe tafin hannun ba.

A bakin titi ta tarar da mutane cirko-cirko, lasifika na huci. Ta wuce su, ta hau bayan mota, ta buɗe hannunta a cikin na Wan-ju. Wan-ju ta yi atishawa, ta ja dogon numfashi, ta ce yunwa take ji. Mai fitilu da kansa ya ruga sayo mata miya mai zafi.

Yaya Kuo ya ce su dai muryar Pei-shan kaɗai suka ji, ba wata. Game da mahaifiyarta kuma ya ce shi sauti yake ɗauka, ba saƙo ba, ta je ta faɗa da bakinta. Da safe ya hau da mutum biyu ya ɗauko na'urar. Shatin yatsu ya yi kwanaki a wuyan hannun Pei-shan kafin ya baje.

Da Wan-ju ta warware sai ta ce a sa mata abin da aka ɗauka. Ta ji ɗigar ruwa, ta ji kukan jirgi, sai ƙas na kashe na'ura, sai wani ƙas ɗin na kunnawa. Ta tsayar da shi a nan.

"Ina kwance ina kallon yatsanki," ta ce a hankali. "Kin ga ana ja na, kika kashe tukuna."

Pei-shan ta sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ta shige.

Ba su rabu ba. Yanzu Pei-shan kan kira sunan a gaban kowa, har mahaifiyarta ta ji daga bakinta. Babur ɗaya suke hawa safe da yamma kamar da. Sai dai Wan-ju ta daina riƙe ƙugunta, ƙarfen bayan babur take kamawa.