Ranar da Ruwan Tsawa Ya Yi Shiru

"Duk ƙauyen nan babu wanda ya san hanyar Ruwan Tsawa kamata. Ido rufe nake zuwa." Haka na fara wa 'ya'yan kawuna bayan isha, suka matso kan tabarma.

Ruwa ne da ke zubowa daga kan dutse, tsayin rimi uku, can cikin kurmi. Da Injiniya Shitu ya zo daga birni don ya auna ko zai iya ba mu lantarki, ni Mai Unguwa ya ce in raka shi. Wa kuma za a ce?

"Malam Tanimu," in ji Injiniya, "in ruwan nan ya kai, baɗi war haka kun daina sayen kananzir."

Muka isa rana tsaka. Ƙara ta toshe kunne, sai da ihu muke magana. Ya ciro gorar roba zai jefa, ya duba saurin gudunta a agogo. Na ce, "Injiniya, nan ba a jefa komai sai an yi sallama." Ya yi dariya. Ya jefa.

Gorar ta tsaya cak. Sai ta juya, ta kama hawa sama.

Sannan muka ga wata tsohuwa kan dutse, tana wanki. Feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf, ita zanenta a bushe. Ba ta ɗaga murya ba, amma na ji ta a cikin kunnena.

"Sannunku. Me ake aunawa?"

"Ruwa, Iya," na ce. "Wuta za a kawo wa gari."

"To madalla. In kun haska ko'ina, mu a ina za mu zauna?"

Injiniya ya juyo ya dube ni. Ni kuwa ba tsoro na ji ba. Na lalubo addu'a, ta cin abinci ce ta zo.

Ta ɗaga hannu. Ruwan ya yi shiru. Ɗif. Ya rage wani ɗan siriri kamar na bakin buta.

"To, auna," ta ce.

Ya auna. Ina kallo ya rubuta cewa ruwa bai kai ba. Na durƙusa. "Iya, ki taimaka. Matanmu a duhu suke haihuwa." Ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da matse zane. Takarda ta tafi birni. Shekara tara ke nan, ga mu a duhu.

"Don haka," na ce wa yaran, "kada wanda ya kuskura ya bi hanyar nan shi kaɗai."

Sai muryar Goggo Delu daga bayan zana.

"Tanimu, ka ji tsoron Allah. Ni ce mai wankin. Rafin bayan gonar Mai Unguwa ka kai bawan Allah, ka ce shi ne Ruwan Tsawa, don kana tsoron hawa gadar itacen da ke hanyar can. Na ce masa ba nan ba ne, ka ce masa na ruɗe."

"Goggo, ai tsufa..."

"Har ƙyafta mini ido ka yi!"

Na ce yara su tashi su kwanta. Babu wanda ya motsa.