Wa Ya Ɗauke Tsohon Faranti?

Sufeto bai gama shan shayinsa na safe ba aka bugo waya daga kamfanin talabijin na tauraron ɗan'adam, wai an sace musu faranti ranar hutu.

"Faranti?" in ji shi. "Su tambayi mai yi musu wanke-wanke mana."

"Ba na cin abinci ba, yallaɓai," Saje ya ce. "Na kamo tashoshi. Wai faɗinsa ya kai ɗaki guda."

Mai Kamfani ne ya tarbe su a harabar ofis, dattijo mai dogara sanda, idanunsa jajur. Ya nuna musu wani ginshiƙin siminti da ba komai a kansa.

"A nan yake tun ranar da na kafa kamfanin nan. Da shi na fara kamo hoto daga sama, lokacin da mutane ke cewa na samu taɓin hankali. Jibi ne bikin tunawa da kafuwarmu, a gabansa za a ɗauki hoto. Yanzu a gaban me zan tsaya?"

"Har yanzu yana aiki?"

"Ai ba ya mutuwa, zamaninsa ne ya wuce. A da siginal ɗin tauraro ba shi da ƙarfi, sai da ƙaton faranti ake tattaro shi. Mutum ɗaya yana waje yana juyawa, ɗaya yana ɗaki gaban talabijin. Na waje ya yi ta ihu, 'Ya kawo?' Na ciki ya ce, 'Ya kawo, ya ɗauke.' Haka ake wuni. Yanzu mun koma sabon tauraro mai ƙarfi, ƙaramin faranti kamar tire ya isa, sai dikoda da kati."

Sufeto ya tsuguna ya duba ginshiƙin. Babu alamar zarto ko guduma. An zuba wa notunan mai, an kwance su a hankali da sifana.

"Masu sayar da tsohon ƙarfe ba sa lallashi haka," ya ce. "Wanda ya ɗauke shi yana so ya sake kafa shi."

Sai ga Manaja ya fito cikin kwat, yana magana da ƙyar, muryarsa a dishe.

"Yallaɓai, da ba a wahalar da hukuma ba. Sakacin maigadi ne, yau ɗin nan zan sallame shi, magana ta ƙare."

"Me ya sami muryarka?"

"Mura."

An sami maigadin zaune a kan benci, ya haɗa kai da gwiwa. Tun ana gina ofishin yake gadi, iyalinsa kuma da albashin nan suke ci.

"Ina kake ranar hutu?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ina bakin ƙofa, ranka ya daɗe. Ko ƙifta ido ban yi ba. Ban ga kowa ba."

"To da kansa ya tashi sama? Baba, abu mai faɗin ɗaki ya bi ta ƙofarka, ka ce ba ka gani ba? Ko dai ka gani, ko da kai aka yi. Zaɓi ɗaya."

Maigadi ya share zufa. "Wasu ne suka zo da babbar mota da rana tsaka, sanye da rigar kamfani. Suka ce fenti za a kai shi saboda biki."

"Sai ka bar su."

"Na ma kama musu, ranka ya daɗe. Yana da nauyi."

"Wa suka ce ya aiko su?"

"Cewa suka yi umarni ne daga sama."

Saje ya ɗaga kai ya dubi sararin sama. Sufeto ya harare shi, ya nuna masa tagar bene, inda ofisoshin manya suke.

A ɗakin baƙi akwai wani kabad na gilashi da aka jera kayan tarihin kamfani. Wuri ɗaya ya zama wayam, sai shatin ƙura. Dab da shi kuwa ga sababbin dikodoji jibge a kwalayensu, ba wanda ya taɓa.

"Dikodar farko ce," in ji Mai Kamfani. "Ban ma lura ba. Tsohon tauraro kaɗai take kamawa."

"Me ya rage a tsohon tauraron?"

"Tashar hasashen yanayi, sai wata mai nuna wasan kwaikwayon nan marar ƙarewa, na likitan da ya manta sunansa. Da muka yi ƙaura zuwa sabon tauraro watan jiya Manaja ya ce a bar ta a can, ta yi tsada."

Saje ya yi ajiyar zuciya. "Ashe shi ne. Tun ranar matata ba ta ƙara yi mini sannu da zuwa ba. An yanke a daidai inda likitan ya suma."

"Ɓarawonmu ba mai sayarwa ba ne," Sufeto ya ce. "Mai kallo ne."

"In haka ne, yallaɓai, rabin gari za mu kama."

Suna komawa ofishin 'yan sanda suka tarar da wani tsohon malami a kanta, yana buga tebur. Ƙarar maƙwabcinsa ya kawo.

"Na yi ritaya don in huta. Tun ranar hutu mutumin nan yake ihu a bayan katangata, abu ɗaya kamar aku. 'Ya kawo? Ya kawo?' Wa zai kawo? Me zai kawo? Ni na gaji."

Sufeto ya ajiye hularsa a hankali. "Malam, me maƙwabcin naka yake yi?"

"Wai manaja ne a kamfanin talabijin."

Da azahar suka ƙwanƙwasa ƙofar gidan. Manaja ya buɗe cikin singileti, ya dawo cin abincin rana, hannunsa baƙi da man inji. A tsakar gida ga wani ƙaton abu a karkace, an lulluɓe shi da zannuwan gado, an maƙale da abin shanya.

"Mene ne wannan?"

"Rumfar mota ce, yallaɓai. Sabon yayi."

"Rumfa mai kallon sama? Ruwa take tarawa?"

Kafin ya amsa, muryar wata tsohuwa ta fito daga falo.

"Ya ɗauke."

"Ina zuwa, Mama," in ji Manaja. Sai da maganar ta fita ya kama bakinsa.

Saje ya ja zane ɗaya. Ga farantin, da tsohon tambarin kamfani a jikinsa, waya ta bi ta taga zuwa falo.

Manaja ya zauna a kan bokiti.

"Surukata ce. Ta zo jinyar ƙafa. Ranar da ta ji ni ne na cire tashar, ta daina cin abincin gidana. Matata ta bi bayanta. Yarana suka koma gaishe ni kamar mai karɓar haya. Na ce bari in ari farantin, in likitan ya farfaɗo in mayar kafin biki. Na ɗauko leburori na ba su riguna. Yallaɓai, har yau bai farfaɗo ba."

"Aro ake yi ba a tambaya? Shi kuma maigadin da za ka kora fa?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Wannan kam ban kyauta ba."

Sufeto ya buga wa Mai Kamfani waya, ya ce an ga faranti, maigadi ya koma bakin aikinsa. Ta wayar ana jin dattijon yana tambaya ko an kuje wa farantin fenti.

Tsohuwar ta fito tana ɗingishi, rimot a hannunta. Ta dubi ankwar da aka sa a hannun surukinta, ta dubi Sufeto.

"Ɗana, tafiya za ku yi da shi?"

"Dole ne, Mama."

"To Allah ya kiyaye hanya. Amma wa zai juya mini?"

Aka nemi Saje aka rasa. Can aka hango shi rungume da gefen farantin, yana turawa a hankali, yana leƙen taga. Ya ce shaida yake gwadawa, kuma ba zai iya komawa gida wurin matarsa ba tare da labarin likitan ba. Sufeto ya ba shi izinin tsaron shaida har motar kamfani ta zo.

A cikin mota, da suka hau titi, Manaja ya matso.

"Yallaɓai, inda za ku ajiye ni akwai talabijin?"

"Babu."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya jingina kansa da kujera, kafin su kai shatale-tale ya fara minshari.